Idan soja ya ce "kuskure ne", shi ke nan doka ta wanke shi?

Tambaya daga wani malamin makaranta a Zariya: "Assalamu alaikum. Tun abin da ya faru a Tudun Biri, inda jirgin soja ya saki bam a kan masu Mauludi, wata tambaya take ci mini tuwo a ƙwarya. Duk sa'ad da jirgi ya saki bam a kan mutanen gari sai a ce kuskure ne, ko a ce ai 'yan bindiga ne suke sajewa da jama'a. Wani abokina ya ce wai dokar duniya ma ta yarda farar hula su mutu a yaƙi muddin ba da gangan aka kashe su ba. Shin haka ne? In haka ne, ina amfanin dokar? Kuma wa ake kamawa da laifi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Abokinka ya faɗi rabin magana ne, kuma rabin da ya bari shi ne mai nauyin. Gaskiya ne dokar yaƙi ta san cewa farar hula na iya mutuwa a harin da bai saɓa mata ba. Amma "ban yi da gangan ba" bai isa ya wanke kowa ba. Doka ba niyya kaɗai take dubawa ba. Tana tambayar wanda ya ba da umarni me ya sani, me ya kamata a ce ya sani, kuma wane ƙoƙari ya yi kafin a danna maɓalli. Akwai kuskuren da ya auku bayan an yi duk abin da ya kamata, akwai kuma wanda sakaci ya haifa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Inda dokar ta fito

Ginshiƙinta shi ne Yarjejeniyoyin Geneva guda huɗu na 12 ga Agusta 1949, waɗanda ƙasashe 196 suka amince da su. Ta huɗun ita ce ta farar hula. A 1977 aka ƙara biyu: ta ɗaya don yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa, ta biyu don yaƙin cikin gida. Najeriya ta shigar da na 1949 cikin dokokinta tun 1960, ta kuma shiga ƙarin na 1977 a shekarar 1988. Saboda haka ba wata dokar baƙi ba ce da aka ɗora mana. Mun sa hannu. Yawancin ƙa'idojin kai hari an rubuta su ne dalla-dalla a Ƙarin Yarjejeniya ta Ɗaya, amma nazarin da ƙungiyar Red Cross ta duniya ta fitar a 2005, wanda ya tattara ƙa'idoji 161, ya nuna cewa manyansu sun zama dokar al'ada da ta hau kan kowa, har a yaƙin cikin gida, har da ƙungiyoyin da ba gwamnati ba. Sashe na 3 da ya maimaitu a duka yarjejeniyoyin huɗu ya haramta kisa da azabtarwa da garkuwa da duk wanda ba ya cikin faɗa, kuma ya hau kan Boko Haram da ISWAP kamar yadda ya hau kan soja. Yankan manoman shinkafa da aka yi a yankin Zabarmari ranar 28 ga Nuwamba 2020 laifin yaƙi ne tsantsa, babu wani nazari mai tsawo da yake buƙata.

Akwai wata tambaya da ake yawan tsallakewa, kuma ta shafi Tudun Biri kai tsaye: shin ma yaƙi ake yi a wurin, a ma'anar doka? Kafin a kira rikicin cikin gida yaƙi sai abu biyu sun cika, kamar yadda kotun tsohuwar Yugoslabiya ta shimfiɗa a shari'ar Tadic a 1995: faɗan ya kai wani mataki na tsanani da daɗewa, kuma ƙungiyar tana da tsari, da shugabanci mai iya ba da umarni a bi. A arewa maso gabas babu jayayya, yaƙi ne. A arewa maso yamma masana sun rabu, domin ɓarayin daji dabobi ne barkatai, kowace da jagoranta. Ayyana su 'yan ta'adda da babbar kotun tarayya ta yi a Nuwamba 2021 bai warware wannan ba, don suna daban ne, sharaɗin doka daban. Abin da ya sa wannan yake da muhimmanci shi ne, in ba yaƙi ba ne to dokar da take aiki ta fi tsauri, ba sauƙi ba. Dokar kare haƙƙin ɗan Adam ce, da sashe na 33 na kundin tsarin mulki, da sashe na 4 na Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam. A ƙarƙashinsu ba a kashe mutum don yana cikin wata ƙungiya. Sai dai in babu wata hanya ta ceton rai daga haɗarin da ke gab da aukuwa. Da wuya bam daga sama ya cika wannan sharaɗi. Ni ina ganin gwamnati ba za ta ci ribar dokar yaƙi wajen harbi ba, sannan ta ƙi ɗaukar nauyinta wajen taka-tsantsan.

Ƙa'idoji uku

Ta farko ita ce bambancewa. Makami sojan abokin gaba da kayan yaƙinsa kaɗai ake nufa da shi. Sashe na 50 na Ƙarin Yarjejeniya ta Ɗaya ya ce in an yi shakka ko mutum farar hula ne ko a'a, a ɗauke shi farar hula. Sashe na 52 ya faɗi irin wannan game da gida da makaranta da wurin ibada. Sashe na 50 ya kuma ce kasancewar wasu mayaƙa cikin taron jama'a ba ya mayar da taron duka abin kai wa hari.

Ta biyu ita ce awo, kuma ita abokinka ya ji labari. Ko da abin da aka nufa halastacce ne, haramun ne a kai harin in ɓarnar da ake tsammani ga farar hula ta wuce kima idan aka gwada ta da ribar soja ta zahiri da ake sa ran samu kai tsaye. Lura da kalmar "tsammani": ana auna kwamanda ne da abin da ke gabansa a lokacin, ba da abin da ya bayyana washegari ba. Doka ba ta ba da lamba ba. Ba ta ce mutum nawa ne daidai da kwamandan daba ɗaya ba, kuma nan ne raunin ƙa'idar yake, domin kwamandoji biyu masu gaskiya za su iya saɓawa. Amma gefe-gefenta a fili suke: ba a rushe kasuwa ranar ci don mutum uku masu bindiga.

Ta uku ita ce taka-tsantsan, sashe na 57, kuma a kanta zan tsaya, domin yawancin abin da ake kira kuskure a nan yake faɗuwa. Sashen ya wajabta a yi duk abin da zai yiwu don tabbatar da cewa abin da za a buga na yaƙi ne, a zaɓi makami da hanya da lokacin da suka fi rage ɓarna, a gargaɗi jama'a in hali ya ba da dama, kuma a fasa ko a dakatar da harin da zarar ya bayyana cewa lissafin farko ba daidai ba ne.

Abin da mai jirgi yake gani da dare

Ka ɗauki ɗakin da ake sarrafa jirgi maras matuƙi, ƙarfe goman dare. Kyamarar dare zafin jiki take gani, ba fuska ba. Mutane suna fitowa a allo kamar ɗige-ɗige masu haske. Daga nisan da jirgin yake, sandar makiyayi da ƙotar fartanya da bindiga duk doguwar inuwa ce a kafaɗa. Babura ashirin a jere a hanyar daji za su iya zama 'yan bindiga, za su iya zama 'yan kai amarya, ko masu komowa daga kasuwar mako, ko 'yan sa-kai da suka bi sawun shanun da aka kora. Taron mutane a fili da dare a watan Rabi'ul Awwal da bayansa, duk ɗan ƙasar nan ya san abin da ya fi kama da shi. Hoton shi kaɗai ba ya faɗin ko wane ne. Abin da yake cika giɓin shi ne abin da aka riga aka gaya wa mai kallon. In an ce masa da yamma 'yan bindiga za su taru a yankin, duk abin da ya gani zai zama hujja.

Saboda wannan ne rundunonin da suke ɗaukar abin da gaske suke bin matakai a jere. Da farko a tabbatar da ko su wane ne ta majiya fiye da ɗaya waɗanda ba daga bakin juna suka ji ba: hoton sama, da sauraron waya, da mutum a ƙasa. Majiya ɗaya tak haɗari ce, don mai kawo rahoto yana iya zama mai neman kuɗi, ko mai rigimar gona da ƙauyen, ko kuma 'yan bindigar ne da kansu suka turo shi. Sai a sa ido a kan wurin na sa'o'i ko kwanaki, a ga yadda rayuwa take gudana: akwai yara, akwai mata masu zuwa rijiya, ana girki, ana fita gona? Sai a gwada lambobin wurin da jerin wuraren da ba a taɓawa, wato asibiti, makaranta, masallaci, coci, kasuwa, sansanin 'yan gudun hijira, rijiyar burtsatse, kuma jerin ya zama wanda ake sabuntawa, ba na shekara biyar da ta wuce ba. Sai a yi ƙiyasin ɓarna: faɗin da tartsatsin wannan makami yake kaiwa, gidaje nawa ne a cikin da'irar, na laka ne ko na bulo, mutum nawa ke kwana a ciki. Daga nan a duba ko ƙaramin makami zai isa, ko a jira su bar gari su shiga daji, ko a tura sojan ƙasa. Lauyan soja ya kamata ya kasance kusa da kwamanda, kamar yadda sashe na 82 ya tanada, kuma gwargwadon girman ɓarnar da ake tsammani gwargwadon girman hafsan da zai sa hannu. Bayan bam ya sauka a tsaya a duba kafin a ƙara.

Wannan na ƙarshen yana da ciwo. Waɗanda suka tsira a Tudun Biri, a ƙaramar hukumar Igabi, daren 3 ga Disamba 2023, sun shaida cewa bam na biyu ya sauka ne bayan kamar rabin awa, a kan waɗanda suka taru suna kwasar gawarwaki. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne aƙalla mutum 85, Amnesty International kuma ta ce sun haura 120. Mutanen da suke rugawa zuwa inda bam ya faɗi suna ɗaukar 'yan'uwansu masu ceto ne, kuma wanda ya ji rauni ya daina faɗa, ko da ɗan bindiga ne, doka ta hana a ƙarasa shi. Rabin awa lokaci ne da ya ishi a ɗaga waya a tambayi wani a ƙasa.

In ka bi binciken irin waɗannan hare-hare za ka ga kusan kullum mataki ɗaya ko biyu ne aka tsallake. A Rann, cikin Kala-Balge, ranar 17 ga Janairu 2017, jirgin sojan sama ya buga sansanin 'yan gudun hijira; soja da kansu sun ce mutum 112 ne suka mutu, kuma bincikensu ya ɗora laifin a kan rashin sanya wa wurin alama a taswirar da suke aiki da ita. Sansani mai dubban mutane, a garin da soja suke da zama. A Kunduz ta Afghanistan, ranar 3 ga Oktoba 2015, jirgin Amurka ya kashe mutum 42 a asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF, alhali ƙungiyar ta miƙa lambobin wurin kwanaki kaɗan kafin nan. Jirgin ya tashi cikin gaggawa ba tare da jerin wuraren da ba a taɓawa ba, matuƙan kuma suka zaɓi ginin da ya yi kama da wanda aka kwatanta musu. A Kabul, ranar 29 ga Agusta 2021, sojan Amurka sun bi wata farar mota na kusan awa takwas, aka ɗauki jarkokin ruwa a matsayin abin fashewa, aka kashe mutum goma, bakwai daga cikinsu yara. Kwana uku kafin nan aka kai hari filin jirgin saman birnin, kowa a ɗakin yana jiran ya ga ɗan ƙunar baƙin wake, sai suka gan shi inda babu shi. Kayan aikin Amurka sun fi na kowa, ba su hana ba, don matsalar tana cikin kan mai kallo ne.

"Ai suna ɓuya cikin jama'a"

Sau da yawa gaskiya ne, kuma laifi ne babba. Yin garkuwa da farar hula haramun ne, kuma wanda yake riƙe da yanki wajibi ne ya nisanta mayaƙansa da makamansa daga gidajen mutane. Amma sashe na 51 ya rufe da cewa saɓa wa doka da ɓangare ɗaya ya yi ba ya sauke wa ɗayan nauyinsa. Matar da ɗan bindiga ya shiga zaurenta da ƙarfi tana nan a farar hularta, kuma dole a ƙirga ta da 'ya'yanta a cikin awo.

Haka batun waɗanda ake cewa "suna taimaka musu". Farar hula yana rasa kariyarsa ne kawai in ya shiga faɗa kai tsaye, kuma na tsawon lokacin da yake ciki. Bayanin da Red Cross ta fitar a 2009 ya gindaya sharaɗi uku: aikin ya kasance mai cutarwa ta fuskar yaƙi, cutarwar ta fito daga gare shi kai tsaye ba ta dogon zagaye ba, kuma an yi shi ne don a taimaki ɓangare ɗaya a kan ɗayan. Wanda ya tsaya a bakin hanya yana buga waya yana faɗin inda motar soja ta kai don a yi mata kwanton ɓauna ya shiga, a wannan lokacin. Ƙauyen da ya haɗa kuɗin haraji don a bar shi ya girbe gero bai shiga ba. Mai sayar da burodi ko fetur ko katin waya, da matar da aka tilasta wa girki, ba su shiga ba. Mai sayar musu da fetur da saninsa ana iya kama shi a kai shi kotu, amma hukuncinsa ba bam ba ne. 'Yan sa-kai su ma su sani cewa ranar da suka ɗauki bindiga suka fita faɗa, a inda ake yaƙi, sun ajiye kariyar farar hula har su dawo. Kuma dokar da ta hana soja kashe wanda aka kama ta hana su.

Wa ake kamawa?

A nan dole in faɗa maka inda dokar take da ƙarfi da inda ta gaza. Nauyi iri biyu ne. Na farko na ƙasa ne: in rundunarta ta saɓa ƙa'idar taka-tsantsan, ƙasar ta karya doka ko da babu wanda ya yi niyyar kisa, kuma wajibi ne ta bincika, ta biya diyya, ta gyara. Na biyu na mutum ne a kan kansa, wato laifin yaƙi, kuma shi sharaɗinsa ya fi wuya. Dokar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun duniya da ke Hague, tana buƙatar niyya da sani; sakaci kaɗai bai isa ba a can. Sai dai kotun Yugoslabiya, a shari'ar Janar Galic kan luguden wuta a Sarajevo, ta ce ganganci, wato ka ga haɗarin ka yi ko-in-kula, ya shiga cikin "da gangan". An ɗaure shi shekara 20 a 2003, aka mayar da shi ɗaurin rai-da-rai a 2006. Kwamanda kuma yana ɗaukar laifin yaransa in ya sani ko ya kamata ya sani, bai hana ba, bai hukunta ba. Ƙaramin soja ba ya fakewa da "umarni aka ba ni" in umarnin haramcinsa a bayyane yake.

A aikace hukunci kaɗan ne. A Kunduz an ladabtar da mutum 16 ta hanyar aiki, babu wanda ya je kotu. A Kabul ba a hukunta kowa ba. Kan Tudun Biri, hedkwatar tsaro ta sanar a Mayun 2024 cewa jami'ai biyu za su gurfana a kotun soja. Kotun Hague ba ta shiga sai ƙasa ta ƙi ko ta kasa. A Disamba 2020 mai gabatar da ƙara ta lokacin, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalili mai ƙarfi na yarda cewa Boko Haram da jami'an tsaron Najeriya duk sun aikata laifukan da kotun take da hurumi a kansu. Tafiyar kotun kuwa ta hawainiya ce. Duk da haka ba a ce babu komai ba: an ɗaure Ahmad al-Mahdi shekara tara a 2016 kan rushe hubbaren Timbuktu, kuma a shekarar ce wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa Hissène Habré na Chadi ɗaurin rai-da-rai.

Amfanin dokar da ya fi yawa ba a kotu ake ganinsa ba. Yana cikin harin da aka fasa, wanda babu jaridar da za ta buga. Kuma ita ce take ba ka ma'aunin da za ka tsare gwamnati da shi, maimakon kuka kawai.

Ta fuskar addini da lamiri

Mu wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Aya ta 190 a Suratul Baƙara ta ce a yaƙi waɗanda suke yaƙarku, kada a ƙetare iyaka. Annabi (SAW) ya ga gawar wata mace a fagen fama ya ce wannan ai ba mai yaƙi ba ce, ya aika wa Khalid kada ya kashe mace ko ɗan ƙwadago. Dalilin da ya bayar, cewa ba ta yaƙi, shi ne ainihin ƙa'idar bambancewa. Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan, wadda Imamu Malik ya ruwaito, ta hana kashe mace da yaro da tsoho, da sare itace mai 'ya'ya, da rushe gari, da yanka dabba in ba don ci ba, ta kuma ce a ƙyale masu ibada a wuraren ibadarsu. Da Usama ya kashe mutumin da ya yi kalmar shahada yana zaton tsoro ne ya sa shi, tambayar da aka yi masa ita ce ko ya tsaga zuciyarsa ya gani. Zato ba ya halasta jini. Malaman Kirista ma, tun daga Augustine zuwa Thomas Aquinas, sun yi dogon nazari kan yaƙin adalci da haramcin nufar marar laifi da kisa.

A wuri ɗaya shari'ar Musulunci ta wuce dokar Geneva, kuma ina son a riƙa faɗin haka. A dokar yaƙi, in harin bai saɓa ƙa'ida ba, babu wajibcin biyan iyalan wanda ya mutu ko sisi. Abin da wasu rundunoni suke bayarwa na jaje ne, na ganin dama. A aya ta 92 ta Suratun Nisa'i kuwa, kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara. Lokacin da Khalid ya kashe mutanen Banu Jazima bisa rashin fahimtar maganarsu, Annabi (SAW) ya ɗaga hannu ya barranta daga abin da ya yi, a bainar jama'a, kuma littattafan tarihi sun kawo cewa ya tura Sayyidina Ali ya biya diyyar rayuka da dukiya. Ba a musanta ba, ba a ce a jira kwamiti ba.

Sannan akwai tambayar da doka ta bar wa lamiri. Bam daga sama yana kare ran soja, ya mayar da haɗarin kan ɗan ƙauye. Tura sojan ƙasa ya je ya tabbatar yana iya jawo asarar soja, kuma ran soja rai ne, yana da uwa da 'ya'ya. Amma shi ya yi rantsuwa, an horar da shi, yana da makami da sulke. Yarinyar da ta je Mauludi ba ta da ko ɗaya. A ganina rundunar da ba ta yarda ta ɗauki wani kaso na haɗari don ta rage shi a kan waɗanda take karewa ba, ta juya aikinta.

Abin da jama'a za su iya yi

Kafin babban taro a yankin da jirage suke shawagi, ko Mauludi ne ko biki ko taron coci, yana da kyau mai gari ya sanar da hakimi da DPO da sansanin soja mafi kusa a rubuce: rana, lokacin farawa da tashi, wurin, da kimanin yawan mutane, da lambar wayar mutum biyu da za a iya kira. A riƙe kwafi mai hatimi ko sa hannun wanda ya karɓa. Wannan ba wajibi ba ne, kuma rashin yinsa ba ya rage wa kowa kariyarsa. Kunduz ma ta nuna ba garanti ba ne. Amma yana toshe bakin "ba mu sani ba".

In abin ya riga ya faru, Allah ya kiyaye, ceton masu rauni ne farko, tare da tuna cewa bam na biyu na iya zuwa. Kada a taɓa ƙarfen da bai fashe ba, kada a bar yara su tsinci ɓaraguzai. A ɗauki hotonsu a inda suke, musamman mai rubutu ko lamba a jiki, da hoton ramin tare da wani abu a gefe da zai nuna girmansa. Mu muna gaggauta jana'iza, kuma daidai ne, amma a nan hujja take ɓacewa, daga baya a zo ana jayayya kan adadi. Kafin a binne, mutum biyu su zauna da littafi su rubuta sunan kowane mamaci da na mahaifinsa, da shekarunsa, da gidansu, liman ko fasto da mai unguwa su sa hannu. A ajiye katin asibiti da rasit na kowane mai rauni. A rubuta bayanin shaidu ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, cikin kwanakin farko: ƙarfe nawa, ƙara nawa aka ji, akwai masu bindiga a kusa ko babu, kuma a faɗi gaskiya ko da akwai, don ƙarya ɗaya tana rushe shaidar mutum ɗari. Hotunan asali a bar su a wayar da ta ɗauka a kuma kwafe su a wani wuri, domin turawa ta WhatsApp tana goge bayanin rana da wuri da ke cikin hoton.

Daga nan ƙofofi uku ne a Najeriya. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda take karɓar koke kyauta. Akwai babbar kotu, ta hanyar ƙa'idojin neman haƙƙi na 2009, waɗanda ba su sa wa irin wannan ƙara wa'adi ba. Ta irin wannan fafutuka ce babbar kotun tarayya a Fatakwal ta umarci a biya mutanen Odi naira biliyan 37.6 a 2013, kan abin da soja suka yi musu a 1999, fiye da shekara goma sha uku bayan faruwarsa. Akwai kuma kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda take karɓar ƙarar mutum ba tare da sai ya gama da kotunan gida ba, ko da yake ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairun 2025 ta sa wannan hanya ta yi wa 'yan'uwanmu na can wuya. Wace ƙofa ta fi dacewa ya danganta da takardun da ke hannu, don haka a nemi lauya tun da wuri. In an kawo kuɗin jaje a karɓa, haƙƙi ne, amma kada wani ya sa hannu ko ya dangwala a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba, don wasu takardun suna ɗauke da sharaɗin cewa an yafe zuwa kotu.